SHARHI: Mari, caji ofis ko Dawanau: ina za ka kai abokin da ya haɗa ciwon ƙwaƙwalwa da "ais"?

A Kano, da zarar an ce wa matashi "ɗan ƙwaya", to an rufe bincike. Kalmar ita ce ƙara, ita ce shaida, ita ce hukunci. Ita za ta bayyana abin da ya hana shi barci, abin da ya sa ya sayar da babur ɗin yayansa, da abin da ya sa ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya a gaban baƙi. Ita ce kuma za ta nuna wa iyali hanyar da za su bi da shi: duka, ko gidan mari, ko caji ofis.

Amma a cikin waɗannan matasa akwai wani rukuni da ƙwayar ta zo ta tarar da ciwo a gida. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran ciwon da suna "baifola", wato lalurar da ke ɗaga mutum sama ƙololuwa sannan ta rafka shi da ƙasa. Idan mai wannan lalura ya kama shan abubuwan da ke zaburar da ƙwaƙwalwa, irin su metamfetamin da 'yan gari ke kira "ais", ko hodar ibilis, to wuta ce ta haɗu da fetur. Kuma mutumin da ya fi kowa saurin ganin hayaƙin ba uba ba ne, ba malami ba ne, ba likita ba ne. Abokinsa ne, wanda suke zama majalisa ɗaya, wanda ya san yadda yake kafin abin ya fara.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. Rabon Kano a ciki ya kai kashi 16 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru, kimanin mutum miliyan ɗaya da dubu saba'in, adadi mafi girma a Arewa maso Yamma. Wiwi da tiramadol da kodin su ne suka mamaye lissafin. Masu shan dangin amfetamin a faɗin ƙasar an ƙiyasta su 238,000, masu hodar ibilis kuma 92,000. Adadin ya yi ƙanƙanta idan aka jera shi da na wiwi, sai dai hoton tsoho ne. Tun 2011 hukumar NDLEA take gano wuraren dafa metamfetamin a cikin Najeriya. A 2016 ta kama wani katafaren wuri a Asaba har da 'yan ƙasar Meziko a cikin masu aikin. A 2021 kuma, shekarar da Kudu maso Gabas ta ɗauki kuka kan abin da suke kira "mkpuru mmiri", hukumar ta kama ƙwayoyin kaftagon sama da dubu 450 a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Abin da ake dafawa a gida ba ya tsayawa a inda aka dafa shi, balle a ce zai tsallake kasuwa irin Kano.

A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 40 ne suke fama da baifola a duniya a 2019. Cutar ta fi fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa tsakiyar shekaru ashirin, daidai lokacin da yaro yake jami'a ko yake koyon kasuwa, kuma daidai lokacin da ake fara miƙa masa abin sha. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na masu nau'in cutar mai tsanani sun taɓa faɗawa matsalar giya ko ƙwaya a rayuwarsu. Haɗuwar biyun ke nan ba baƙon abu ba ne a wurin likitoci. A wurinmu ne kawai take baƙuwa, domin ba mu da ido sai na ganin rabi ɗaya.

Abin da abokin yake gani

Mu ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba, na matashi ɗan shekara ashirin da huɗu a Badawa, unguwar da ta jingina da Nasarawa GRA, inda ɗan ma'aikaci da ɗan attajiri da ɗan ci-rani suke sayen shayi a teburi ɗaya. Wata guda ya yi a ɗaki, ba wanka, ba ɗaukar waya, yana cewa shi bai da amfani a duniya. Gida suka ce lalaci ne. Wani ya ba shi abin da zai "tashe shi", ya kuwa tashi. Sai dai tashin bai tsaya inda aka so ba. Yau kwana biyar rabonsa da barci kuma bai gaji ba. Magana yake yi kamar ana zuba ruwa, daga batun kamfanin da zai buɗe a Dubai zuwa kujerar majalisar da zai tsaya takara. Ya kwashe kuɗin asusunsa a wurin mai POS, ya ci bashi a manhajojin ba da rance, ya zuba sauran a caca ta intanet da kirifto. Da aka yi masa magana sai ya ce ana bin sa, an haɗa baki da maƙwabta.

Kowace alama a nan "ais" kaɗai zai iya haifar da ita. Yana tura sinadarin dofamin ya cika ƙwaƙwalwa, ya kore barci da yunwa, ya kawo zargi da jin muryoyi, sannan idan ya saki mutum ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi. Kowace alama kuma cutar baifola kaɗai za ta iya haifar da ita. Shi ya sa ko ƙwararren likita, idan aka kawo masa irin wannan matashi da tsakar dare, ba zai iya rantsewa a kan wanne ne ba daga kallo ɗaya. Gwajin fitsari zai gaya masa an sha wani abu. Ba zai gaya masa abin da ya riga shan ba.

Nan ne darajar aboki take. Tambayoyin da likita yake buƙatar amsarsu duk tambayoyin tarihi ne. Shin ya taɓa yin mako guda a irin wannan tashi tun kafin ya san ƙwaya, a sakandare ko a ajin farko na jami'a? Shin tashin yana ci gaba bayan an yi kwanaki da yawa bai sha komai ba? Shin yana da lokutan da yake kulle kansa makonni ba tare da wani dalili na zahiri ba? Akwai wani a danginsu da aka taɓa cewa "yana da iska" ko "nasa yana motsawa lokaci-lokaci"? Marar lafiyar ba zai ba da amsa ba, domin a lokacin da yake sama bai yarda yana ciwo ba. A ganinsa bai taɓa samun lafiya irin ta yau ba. Iyaye sau da yawa ba su san rabin labarin ba, wanda suka sani ma kunya takan hana su faɗa, musamman idan akwai 'yan mata a gidan da ake tsoron kada masu neman aure su ji. Abokin da ya zauna ya rubuta kwanan wata, abin da aka sha, yaushe aka fara, kwana nawa ba barci, ya riƙe wa likita abin da babu na'urar da za ta ba shi.

Banbancin ba na ilimi kawai ba ne, yana canza magani. Idan aka ɗauki mai baifola a matsayin mai damuwa zalla, aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai ba tare da mai daidaita yanayi ba, maganin zai iya harba shi sama. Kuma a garin da kemis yake sayar da irin waɗannan magunguna ba takardar likita, wannan ba hasashe ba ne. Tiramadol ma, wanda matasa da 'yan aikin ƙarfi suke sha don "ƙarin kuzari", yana taɓa sinadaran da magungunan damuwa suke taɓawa, ga shi kuma yana jawo farfaɗiya idan an yawaita.

Ƙofofin da gari ya buɗe

Ƙofa mafi kusa ita ce ta mari, kuma mun san abin da ke bayanta. A watan Afrilun 2018 sashen binciken BBC Africa Eye ya nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi, a cikin rahoton da ya sa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin kwana ɗaya bayan fitarsa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Daura ta biyo baya a Oktoba, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. A Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 a Najeriya, ta ce ta tarar da ɗauri a wuraren addini na Musulmi da na Kirista, da na masu maganin gargajiya, har da wasu na gwamnati.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, iyayen da suka kai 'ya'yansu can da ƙafarsu suka kai su, har suna biyan kuɗi. Ba mugunta ce ta kai yawancinsu ba. Uwar da ɗanta ya kwana biyar yana fasa kaya tana neman wurin da zai karɓe shi yau da daddare, kuma mai mari ba ya cewa babu gado. An rufe gidajen, amma buƙatar da ta cika su tana nan. Ga mai baifola kuwa, mari yana da wata yaudara ta musamman: tashin cutar yakan sauka da kansa bayan makonni ko watanni, sai a ce ɗauri ya yi aiki, yaro ya shiryu. Idan ya dawo bayan shekara, sai a ce taurin kai ne, a ƙara wa sarƙar nauyi.

Ƙofa ta biyu ta hukuma ce. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe ko yana amfani da hodar ibilis da makamantanta. Gaskiya ne hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma ba kowane mai sha take gurfanarwa ba. Amma matashin Badawa bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne mota da bindiga da hoton da za a ɗora a Facebook. Sakamakon haka abokai suke ɓoye wa likita ainihin abin da aka sha, suna tsammanin rufin asiri suke yi, alhali likita ba ɗan sanda ba ne kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin marar lafiya.

Akwai wani sashe na doka da ya fi wannan ɗaure kai. Sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara guda. Masu baifola suna cikin waɗanda haɗarin kashe kai ya fi yawa a kansu a duk cikin masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma lokaci mafi hatsari shi ne bayan saukowa, sa'ad da ƙwayar ta saki mutum, ya buɗe ido ya ga bashin da ya ci da mutuncin da ya zubar. A daidai wannan lokaci doka take ce wa iyalinsa su yi shiru.

Ƙofa ta uku ta malamai ce, ruƙiyya da rubutu da hayaƙi. Ba na cikin masu raina addu'a, kuma babu likitan kirki a Kano da zai hana a yi wa marar lafiya karatu. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ce ya ajiye maganin asibiti domin "yana hana aljanin fita". Fiƙihun da muka gada ya ɗauke alhaki daga wanda hankalinsa ya gushe, har malamai suka yi bayanin matsayin sakinsa da cinikinsa. Al'ummar da take da wannan fahimta a littattafanta bai kamata ta zama mai dukan marar lafiya don ya tuba ba.

Ƙofar da ta dace ita ce mafi nisa. Daga Badawa, Gidan Gwamnati da Asibitin Nasarawa tafiyar mintuna ce. Amma sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana titin Zariya, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kuma, wanda yanzu yake hannun gwamnatin tarayya, yana can hanyar Katsina, sai an ratsa gari gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zaunar da mutumin da yake ganin ana farautarsa a cikin adaidaita sahu ya san ma'anar wannan nisa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta daɗe tana cewa mambobinta da suke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma guguwar ficewa zuwa Ingila da Saudiyya tana ci gaba da rage su.

Abin da ke hannun aboki

Duk da haka akwai abin yi, kuma farkonsa shi ne sanin lokacin da magana ta ƙare. Ciwon ƙirji, zafin jiki mai tsanani, jijjiga, ko ruɗewar da mutum bai san inda yake ba bayan shan "ais" ko hodar ibilis, wannan na sashen gaggawa ne na asibiti mafi kusa, ba a jira Dawanau. Haka idan ya fara maganar mutuwa, ko rabar da kayansa, ko neman yafiya ba gaira ba dalili. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Likitoci sun daɗe da tabbatar da haka. Abin da ake yi shi ne kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna da makami daga ɗakin, a nemi likita a ranar.

Lokacin da yake sama, gardama ba ta da riba. Idan ya ce shi ne zai gyara Najeriya, ba sai ka gaskata shi ba, ba kuma sai ka ƙaryata shi ba. Ka tsaya a kan abin da shi ma zai iya yarda da shi: ka kwana biyar ba ka runtsa ba, mu je a duba. Mutum biyu masu natsuwa da yake jin nauyinsu sun fi taron dangi goma masu hayaniya. Kada a ba shi kuɗi a hannu. A saya masa abinci, a biya kuɗin mota. Makullin mota da katin banki kuwa, mafi kyau a yi yarjejeniyarsu tun yana cikin hayyacinsa, ya faɗa da bakinsa wa zai riƙe masa su idan alamun suka dawo, da wane likita za a kira, da wane ne a gida za a fara sanarwa. Kuma akwai iyaka. Abokin da aka zare wa wuƙa ba shi da wajibcin tsayawa, wanda kuma ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba tare da sa wani babba a gidan ba, shi ma yana hanyar zama marar lafiya.

Bayan an samu likita sai doguwar tafiya ta fara. Baifola ba a warkewa da ita kamar zazzaɓin cizon sauro, ana riƙe ta ne kamar hawan jini, kuma masu riƙe ta da kyau suna karatu, suna aure, suna shugabantar ma'aikatu. Litiyam, wanda likita John Cade na Ostireliya ya fara nuna amfaninsa a 1949, har yau yana sahun gaba, kuma an nuna yana rage haɗarin kashe kai. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce, don haka yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, da duba ƙoda da maƙoshi. A garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, rashin ruwa a jiki zai iya ɗaga yawansa a jini. Batun azumi da sauyin lokacin barci a Ramadan abu ne da ake tattaunawa da likita kafin watan ya kama. Maganin da ake rubutawa sodium valproate a kwalinsa yana da haɗari babba ga jaririn da ke ciki, abin da duk mai taimakon ƙawa ko 'yar'uwa ya kamata ya sani. Ga "ais" da hodar ibilis kuwa, har yanzu babu wani magani da hukumomin lafiya suka amince yana cire sha'awarsu. Abin da bincike ya fi nuna amfaninsa shi ne zaman shawara na yau da gobe, da tsarin ba da ɗan tukuici duk lokacin da gwaji ya nuna mutum bai sha ba. Komawa sha bayan an daina abu ne da ake sa ran faruwarsa a hanya. Babban kuskure shi ne a ce sai ya bar ƙwaya tukuna za a duba ƙwaƙwalwarsa, domin ciwon ne yake mai da shi ga ƙwayar, ƙwayar kuma take tayar da ciwon.

Wannan ra'ayi na sa makusanta cikin jinya ba daga Turai aka aro shi ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta zo ta koya daga wurinsa. Ƙasar da ta haifi wannan tsari ita ce ta ci gaba da aiki da dokar "mahaukata" ta 1958, gadon Turawan mulkin mallaka, har zuwa Janairun 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa. Sabuwar dokar ta amince da haƙƙoƙin marar lafiya, ta gindaya sharuɗɗan kwantar da mutum ba da son ransa ba, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun tallafa wa fannin.

Takarda ke nan. Matasan da suke cika Facebook da X da muhawarar siyasar Kano suna da tambayoyin da za su iya ajiyewa a gaban 'yan majalisar jiha da kwamishinan lafiya, tambayoyin da amsarsu lamba ce. Nawa aka ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin bana, nawa aka saki? A cikin ƙananan asibitocin ƙaramar hukumar Nasarawa, guda nawa ne suke da ma'aikacin da aka horar ya gane tashin baifola, kamar yadda shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsara tun 2008? Cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, likitan ƙwaƙwalwa nawa ne suke duba waɗanda aka kai can kafin a yanke cewa matsalarsu tarbiyya ce? Tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha yana biyan litiyam da gwajin jininsa? Sai kuma sashe na 231, wanda goge shi ba ya buƙatar gina asibiti ko ɗaukar ma'aikaci ko sisin kwabo, zaman majalisa kawai yake jira.